Gilashi na Bakwai

Akwai bangon da zai faɗi a Gidan Tudu, kuma 'yata Jovita tana tsayawa a jikinsa rabin awa kowace safiya. Ban san ranar ba. Amma shekara talatin da ɗaya ke nan ina sarar jan dutse ina ɗora shi a kan ɗan'uwansa, na san bangon da ya gaji idan na gan shi. Ina rubuta wannan ne don idan abin ya faru kada wani ya ce ba a faɗa ba.

Sunana Anselmo Rebelo, magini, mutumin Curtorim a nan Goa. Karatuna a aji bakwai ya tsaya. Jovita ce autarmu, ita ce kuma ta yi karatu a gidanmu har ta fara koyarwa. Bara ta ce gidan zuhudu za ta shiga, wato Gidan Tudu, wajen sistocin nan da ba sa fita waje har su mutu. Ba mu hana ta ba. Ni na yi kwana uku abinci ba ya wuce mini, uwarta Sucorina kuwa ta bi maƙwabta gida-gida tana sanarwa kamar an ba ta sarauta.

Sau uku a shekara ake barin iyaye su je gani. Zuwanmu na wannan karo ya faɗo ƙarshen Mayu, hadari ya fara taruwa ta wajen teku amma ruwa bai sauka ba. Sucorina ta yini guda tana gasa bebinca, kek ɗinmu na Goa, tana zuba kwakwa da ƙwai hawa bisa hawa, ta naɗe a ganyen ayaba. Muka hau bas zuwa bakin kogi, muka shiga jirgin fito zuwa tsibirin da gidan yake. Ni ruwa yana juya mini ciki, don haka ta cusa mini lemun tsami guda a aljihu in riƙa shinshinawa.

"Baban Jovita, yau dai hannunka ya zauna a aljihun nan tare da lemun," in ji ta. "Ba gini aka kira ka ba. Ranar bikin 'yar Agnelo sai da ka ƙwanƙwasa bangon mutane, ka ce wa uban amarya ɗakin girkinsa zai zube."

"Ai ya zube."

"Bayan shekara shida. Ni ma bayan shekara shida ina iya zubewa."

Mun isa da wuri. Sai sha ɗaya ake buɗe ɗakin ganawa, mu kuwa goma saura muna kan tudun. Sucorina ta shiga cocin ta durƙusa da carbinta, na bi ta.

Zuwana biyu na baya ban kalli ginin ba, idona yana kan yarinyar. Ran nan na kalla. Kusan shekara ɗari huɗu ke nan da Turawan Fotugal suka sa aka gina shi, amma hannun irin namu ne ya sari dutsen. Kaurin bangon, idan mutum ya kwanta a bakin taga ya miƙe ƙafa, ba zai kai ƙarshensa ba. Rufin ɗaurin guga ne na dutse zalla, ba katako ko ɗaya, an yi masa gida-gida da fure a tsakiyar kowane. Bagadin ya sha ruwan zinariya har sama. A daɓen ƙasa akwai duwatsun kaburbura da ƙafafun mutane suka cinye rubutunsu. Wasu baƙi daga Mumbai suna ta ɗaukar hoto, mai yi musu jagora yana cewa ginin nan girgizar ƙasa ma ba ta iya masa.

Na juya na kalli saman ƙofa. Can akwai bene mai faɗin cocin duka, an tsare gabansa da ragar ƙarfe. Nan sistocin ke taruwa sau bakwai a yini suna addu'a, su suna hangen bagadi, mu ba ma ganinsu. Benen yana zaune a kan baka guda ɗaya, mai faɗi, kusan a kwance. Wanda ya ɗaure bakan nan gwani ne, kuma mai ƙarfin hali. Irin wannan baka ba ƙasa yake danna nauyinsa ba, gefe yake turawa. Duk rayuwarsa tana hannun bangayen nan biyu. Idan ɗaya ya matsa ko da faɗin yatsa ne, bakan ya fara neman hanyar ƙasa.

Da na tuna haka sai ƙafata ta fitar da ni waje. Ban yi niyya ba.

Bangon yamma shi ne mai kallon teku, shi ke shan dukan damina. An tokare shi da manyan madogarai biyar. Akwai shingen waya da ƙaramar ƙofa, na tarar da ita a buɗe, na shiga. Bangon fari fat, sumul, kyakkyawa. Kyan nasa ne ya fara tsorata ni. Yaɓen farar ƙasa ba ya yin sumul haka. Na cire hannu daga aljihu na ƙwanƙwasa.

Siminti ne. Kuma ya amsa mini kamar ganga.

Jan dutsenmu yana shan ruwa da damina, ya fitar da rani. Farar ƙasa tana barinsa ya yi numfashi. Siminti kuwa sai ya kulle ruwan a ciki, dutsen ya yi ta jiƙa shekara da shekaru yana ruɓewa a ɓoye, waje kuma fes. Na bi bangon ina bugawa. Tsakanin madogari na biyu da na uku na ga tsagar. Ta taso daga ƙasa, ta bi gefen wata taga a bene, ta shige ƙarƙashin rufi. An sha shafe ta da fenti, ita kuma tana sake buɗewa.

Daidai kafaɗata an manna wani siririn gilashi a gicciye a kan tsagar, an kama bakinsa biyu da farin yaɓe. Kowane magini ya san wannan. Shaida ce. Gilashi ba ya miƙewa. Idan bango ya tsaya cik, gilashin zai shekara ɗari lafiya. Idan bango yana tafiya, sai ya karye, ya tona masa asiri.

Wannan a karye yake. Ɓari ɗaya ma ya ɗan sauka ƙasa da ɗan'uwansa, kamar kaurin ƙwayar shinkafa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaɓen sabo ne, ko ƙura bai yi ba.

"Yaro, matsa mini."

Shekarata hamsin da huɗu, amma Custodio kowa yaro ne a wurinsa. Shi ne mai kula da cocin da harabarsa, tsoho mai ido ɗaya fari, ya fi shekara hamsin a gidan. Yana riƙe da ɗan kwano mai kwaɓaɓɓen yaɓe, da wani siririn gilashi a ɗaya hannun.

"Sun sake fasawa," ya ce. "'Ya'yan zamani, ba tarbiyya."

"Su wa, Kawu?"

"Yaran tsibirin nan mana, da danƙon harbinsu."

"Ta ina suke shigowa? Ba a kulle wurin yake ba?"

"A kulle, makullin yana wuyana. Abin da ban gano ba ke nan."

Na tambaye shi wanda ya fara manna gilashin. Ya ce wani injiniya ne, kusan shekara bakwai ke nan, bayan wani ɗan tsibirin mai aikin jirgin ruwa ya yi alheri ya sa an yaɓe bangon da siminti. Injiniyan ya ce kada a bar kowa ya taɓa, zai dawo ya duba. Bai dawo ba.

"Amana aka ba ni," in ji Custodio. "Ranar da na ga ya karye ban yi barci ba. In mutumin ya dawo me zan ce masa? Sai na ciro gilashin wani tsohon hoto na yanka, na mayar masa yadda yake. Ko shi ba zai gane ba."

"Na farkon ya yi shekara nawa?"

"Huɗu. Gilashin gwamnati ne, mai kyau. Nawa ba su kai shi ba."

"Na biyun fa?"

Ya ɗaga kai yana tunani. Na biyu shekara ɗaya da rabi. Na uku wata takwas. Na huɗu daga Kirsimeti zuwa Ista. Na biyar wata guda da 'yan kwanaki.

"Wannan na shida kuwa," ya ce yana nuna shi da haɓa, "kwana tara. Gilashin yanzu duk ruwa ne."

Na jingina da madogarin. Da na jingina sai na ga shi kansa madogarin ya rabu da bangon ta sama, har haske yana ratsawa.

"Kawu, ajiye kwanon nan."

"Kai kuma lafiya? Ka yi fari kamar bangon."

"Ba yara ba ne. Bangon ne ke tafiya. Kuma sauri yake ƙarawa."

Ya dube ni da idonsa mai gani, ya dubi gilashin. Aka kaɗa ƙaramar ƙararrawa ta ɗakin ganawa.

Ɗakin ganawa ɗan ƙarami ne, an raba shi da raga biyu, ta ƙarfe a wajenmu, ta katako a wajensu, tazarar kamu guda a tsakani, don hannu ba ya kaiwa hannu. A gefe akwai akwatin juyi a cikin bango, kamar ganga a tsaye mai buɗaɗɗen ciki. Ka sa kaya ka juya, su ɗauka ta can. Sucorina ta sa bebinca ta juya. Jovita ta bayyana a bayan ragar da farin lulluɓi, fuskarta ta ɗan faɗa amma tana dariya.

"Mama, hawa nawa?"

"Bakwai. Ki ci naki kafin tsofaffin nan su gani."

"Baba, ina kwana. Jirgin ya juya ka ke nan? Dubi fuskarka."

"Jovita, wace taga ce taki?"

Sucorina ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ya fara."

"Ta uku daga hasumiya, ta yamma," in ji Jovita. "Da yamma har teku ina hangowa."

"Ƙofar ɗakinki tana rufuwa?"

"Tana cijewa. Sista Bernadina ta kankare ƙasanta sau biyu. Me ya faru?"

"Ƙasa tana zubo miki?"

Dariyar ta ragu. "Kullum da safe ina share ɗan jan gari a bakin gado. Na ɗauka gara ce."

"Gara ba ta cin dutse. Tashi ki ɗauko kayanki mu tafi gida."

"Baba."

"Wata huɗu kawai, damina ta wuce."

"Ba makarantar kwana ba ce, Baba. In na fita, na fita."

Sucorina ba ta sake zungurata ba. Shekara ashirin da tara muna tare, ta san bambancin surutuna da tsorona. Ta ce wa yarinyar, "Je ki kira Uwa."

Uwa Escolastica ita ce shugabar gidan, doguwar tsohuwa mai muryar maza. Ta zauna a bayan ragar ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Na faɗi siminti, na faɗi baka, na faɗi gilashi shida. Na ce ina so in ga bangon ta ciki.

"Tun da aka gina gidan nan babu uban da ya tsallaka ƙofar ciki," ta ce. "Wasu 'ya'yansu sun mutu a nan, a bakin ragar nan suka tsaya."

"To ki fito mini da ita."

"Ba a ɗaure take ba. Ka ji amsarta. Mutum uku nake da izinin shigarwa: likita, da limamin coci, da ma'aikaci. Malam Anselmo, uba ba zai shiga ba. Magini zai shiga. Amma magini ba shi da 'ya a nan. Ba zai kira sunan kowa ba, ba zai tsaya da kowa ba. Za ka iya?"

Na ce zan iya.

Aka zare sakata uku. Sista Bernadina, gajeruwa mai ƙiba, ta saki lulluɓinta a fuska ta shiga gabana da ƙaramar ƙararrawa a hannu. Haka al'adarsu take: idan namiji ya shigo aiki, ana kaɗa ƙararrawa a gabansa don kowa ta kauce. Muna tafiya tana kaɗawa, ina jin ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya a gabanmu. Na ga bakin wata riga ya shige bayan ginshiƙi. Wata goma ina mafarkin ganin inda 'yata take zaune, ga ni a ciki, kuma ƙarar da ke gabana korarta take yi.

Tsakar gidan murabba'i ce, bakuna sun kewaye ta sama da ƙasa, rijiya a tsakiya, da gwanda biyu da bishiyar lemo. Tagogin ba gilashi ba ne, ɓawon kawa ne na teku aka yanka aka jera a katako, hasken da ke ratsowa kamar ruwan shinkafa. Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Na gane abin da ta gani a cikinsa. Matakalar dutse ce, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda ƙafafu.

"Ɗaki na uku," na ce.

"Magini ya san ɗakunan da yake so," in ji Sista Bernadina ta cikin lulluɓi. Ta sa kafaɗa ta tura ƙofar.

Gadon katako, gicciye, tulu, ƙusa guda da riga a rataye. A ƙarƙashin gado ga takalman da na saya mata a kasuwar Margao, an jera su kai ɗaya yadda take yi tun tana ƙarama. Kan gadon yana manne da bangon yamma. An rataya hoton Uwa Maryamu a wajen, babba, wanda ya fi ƙarfin ɗakin. Na ɗaga shi.

Hannuna ya shige tsagar har wuyan hannu. Iska mai sanyi da warin rijiya tana fitowa. Na damƙi dutsen ciki, ya marmashe a tafina kamar burodin da ya kwana a ruwa.

"Ita ta rataya hoton?"

"Ni ce," in ji Sista Bernadina. "Ƙadangaru ke shigo mata."

Na ciro lemun tsamin daga aljihu na ajiye a tsakiyar daɓe. Ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya gangara a hankali ya je ya bugi bangon yamma. Ƙararrawar hannunta ta yi shiru.

Daga nan ta kai ni benen addu'a. Kujerun katako masu sassaƙa sun bi bango dama da hagu, sun yi baƙi don tsufa. Ta ragar ƙarfe na hango bagadi, na hango Sucorina a durƙushe can ƙasa, ita kaɗai, daidai ƙarƙashin bakan. Ban taka tsakiyar benen ba, gefe na bi. A tsakiya daɓen ya yi ɗan kwari, kuma wani layi siriri ya ratsa shi daga raga zuwa taga.

Sai aka buga babbar ƙararrawa ta hasumiya, sha biyun rana.

Na ji ta a tafin ƙafata kafin in ji ta a kunne. Kowane bugu, benen ya amsa. Daga tsagar bangon yamma jan gari ya fara zubowa, siriri kamar zare, yana ratsa hasken taga, ya tsaya idan ƙarar ta mutu, ya dawo da bugu na gaba. Na ƙirga goma sha biyu. A bugu na tara wani ɗan dutse kamar ƙwallon kashu ya faɗo ya yi tsalle a kan kujera.

Na taɓa jin bango yana faɗuwa. A wani aiki ne, ina saurayi, ya danne abokin aikina Minguel. Ba ya yin gargaɗi da ƙara. Gari yake fara zubarwa, kamar wannan.

Na manna baki a raga na ce, "Sucorina, fita waje." Ta ɗago, ba ta gan ni ba, amma ta tashi ta fita da sauri.

"Lokacin addu'ar rana ne," in ji Sista Bernadina. "Dole mu sauka. Ga su nan."

Na ji su. Takun ƙafafu a matakala, a jere, ba magana. Mata goma sha takwas, ban da Sista Bernadina. Na yi lissafin nauyinsu a kaina ba tare da na so ba. Na je na tsaya a bakin ƙofar benen, na dafa dogaran ƙofar da hannu biyu.

Sista Bernadina ta shiga kaɗa ƙararrawarta da ƙarfi don su koma. Layin ya tsaya a matakala, kowacce ta saki lulluɓi. Uwa Escolastica ce a gaba.

"Malam Anselmo, ba haka muka yi da kai ba."

"Ban kira sunan kowa ba, Uwa. Aikina nake yi."

Na sunkuya na ajiye lemun a bakin ƙofa, na sake shi. Wannan karon bai yi shawara ba. Ya gangara tsakiya, ya karkata yamma, yana ƙara gudu, ya shige ƙarƙashin kujerun ya bugi bango. Duk muka ji bugun. Wani garin ya zubo.

Uwa ta ɗage lulluɓinta, abin da ba ta yi ko a bayan raga. Ta daɗe tana kallon jan garin da ya kwanta a kan littattafan addu'a.

Ni kuwa ina kallon matakala. Duk shigarsu ɗaya, fuskoki a rufe, amma ta huɗu daga ƙarshe tana tsaye da ƙafar hagu a kan ta dama. Haka take tsayawa tun tana 'yar shekara biyar idan ta ji tsoro. Taku shida ne tsakaninmu. Na juya na fuskanci bango, na yi magana da shi.

"Magini yana cewa, duk wadda ta ga gari yana zuba ba tare da an buga ƙararrawa ba, kada ta tsaya ɗaukar littafi, kada ta tsaya neman takalmi. Ta yi gabas, ta bi matakala, ta ja ta kusa da ita."

Ƙafar hagun ta sauka ƙasa.

Ran nan a ɗakin cin abinci suka yi addu'ar rana. Bayan nan Uwa ta sake kirana bakin raga ta faɗa mini abin da ta yanke. Gadajen yamma duka za a mayar da su gabas kafin dare. Babbar ƙararrawa ta yi shiru daga yau. Addu'o'i shida za su koma ɗakin cin abinci. Za a ja igiya a ƙasa kada baƙi su tsaya ƙarƙashin bakan.

"Saura ɗaya," na ce.

"Misa, babbar ibadar safe. Daga benen nan kaɗai muke ganin bagadi. Ba ni da ikon fitar da su cikin jama'a, ba ni da ikon hana su Misa. Rabin awa ne."

"Uwa, bango bai san rabin awa ba."

"Na ji ka. Yau zan rubuta wa bishop, in rubuta wa masu kula da tsofaffin gine-gine. Ko sanda ba ni da izinin tokarawa a bangon nan sai sun sa hannu."

Na ce zan kawo gungumen kwakwa ashirin da yarana mu tokare bakan cikin kwana biyu, ba na son ko rupi ɗaya. Ta ce in jira amsa.

Aka ba mu minti biyar da Jovita. Na sake roƙonta. Sucorina ma, wadda ta yi ta yawon sanarwa bara, ta kama ragar tana cewa, "Taho mu tafi, 'yar nan, Allah yana Curtorim ma."

"Mu goma sha tara ne, Mama," ta ce. "Sista Clotilde shekararta casa'in, ni nake riƙe ta a matakala. In na tafi wa zai ja ta gabas?" Ta dube ni. "Na ji abin da magini ya ce. Kujerata tana kusa da ƙofa. Kuma ka bar mana lemunka, Baba, yana ƙarƙashin kujerar Uwa, ba mai ƙarfin halin ɗaukowa."

Ta yi dariya, ni ban iya ba. Akwatin juyi ya juyo da ganyen ayaban a naɗe, da yanka biyu na bebinca a ciki, na hanya.

Kafin mu sauka na koma bangon yamma. Custodio yana nan zaune a kan dutse, yaɓen ya bushe a kwanon. Na kwaɓa sabo, na karɓi gilashin hannunsa, na kankare tsohon, na manna shi da kaina. A ƙasan gefensa na yi ɗan karce da bakin ƙusa, inda ba zai lura ba. Na rubuta kwanan wata da lambar wayata a bango da fensir.

"Kawu, idan ya karye kada ka taɓa. Ka kira ni, ka gaya wa Uwa a take, ko ana tsakiyar Misa ne."

"Kusan shekara uku ina ɓoye abin da aka ce in nuna," ya ce, bai ɗago ba. Can ya ƙara, "In aka ce bangon ya mutu, kwashe su za a yi a rufe gidan, ko?"

"Mai yiwuwa."

"Tun ina ɗan sha tara nake share cocin nan, yaro."

"Ka rantse mini."

Ya taɓa gicciyen wuyansa. Bai furta komai ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin rantsuwa, don jirgin fito na ƙarfe uku yana shirin tashi.

Ruwa ya sauka ranar shida ga Yuni. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan bai ɗauke na awa uku a jere ba. Kogi ya cika, an dakatar da jirgin fito. Gungumen kwakwa ashirin suna jibge a ƙofar gidana suna shan ruwa. Bishop ya amsa cewa ya tura maganar gaba, ɗaya ofishin bai amsa ba tukuna. Sistocin ba sa riƙe waya. Misa ƙarfe bakwai take farawa, don haka kullum daga bakwai zuwa bakwai da rabi ina zaune a baranda da waya a hannu, Sucorina tana gefena da carbi, ba mai zolayar wani. Bakwai da rabi na yi in kira Custodio.

Kullum amsarsa ɗaya ce, kalma ba ta canzawa: "Lafiya lau yake, yaro."

Gilashi na shida kwana tara ya yi, da rani, ba ruwa. Nawa yau kwanansa goma sha tara, cikin damina. Ban sani ba ko gilashin da ke kan tsagar nan yanzu nawa ne mai karce, ko na takwas ne.